Masu Ɓoye Wasu Alhali Su Suna Fili: Aikin Riƙe Tashoshin Tor

A watan Afrilun 2017, jami'an tsaro a birnin Mosko suka kama wani malamin lissafi, Dmitry Bogatov, bisa zargin ya rubuta saƙonnin tunzura jama'a a intanet. Hujjarsu ita ce saƙonnin sun fito ne daga adireshin intanet na gidansa. Ba shi ya rubuta su ba. Abin da ya yi shi ne ya ajiye kwamfuta a gidansa a matsayin tashar fita ta hanyar sadarwar Tor, don haka duk wanda saƙonsa ya biyo ta wurin, a idon duniya daga gidan Bogatov ya fito. Ya yi watanni a tsare, aka mayar da shi ɗaurin talala, sai a 2018 aka janye tuhumar.

Tor hanya ce da mutum zai bi ya shiga intanet ba tare da an haɗa sunansa da inda ya je ba. Tushenta binciken da Paul Syverson da abokan aikinsa suka yi ne a cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Roger Dingledine da Nick Mathewson suka shigo aikin, manhajar ta fara aiki a 2002, a 2006 kuma aka kafa ƙungiyar Tor Project da ke kula da ita. Saƙon mai amfani yana ratsa tashoshi uku, an naɗe shi cikin sirri rufi uku kamar ɓawon albasa, kowace tasha ta ɓare nata kaɗai. Ta farko, mai gadi, ta san wanda ya aiko amma ba ta san inda za shi ba. Ta ƙarshe, wato tashar fita, ta san inda za shi amma ba ta san mai shi ba. Ta tsakiya kuwa ba ta san ko ɗaya ba.

Tashoshin nan dubbai ne, kuma ba kamfani ne ya girke su ba. 'Yan sa-kai ne: ɗalibai, jami'o'i, ɗakunan karatu, da ƙungiyoyi irin su Nos Oignons a Faransa da Emerald Onion a Amurka. Su ke biyan kuɗin wuta da na intanet, su ke tashi cikin dare idan na'ura ta tsaya. Kuma abin da ya kamata a fahimta shi ne, su ba a ɓoye suke ba. Jerin adireshin tashoshin a buɗe yake ga kowa. Wasu kwamfutoci 'yan ƙalilan da ba su wuce goma ba, waɗanda amintattun mutane ke riƙe da su a ƙasashe daban-daban, suna kaɗa ƙuri'a a kowace awa su fitar da takardar matsaya: wace tasha ce ke raye, wacce ke da sauri, wacce ta cancanci gadi.

Sabon shiga yakan fara karo da matsala tun a daren farko. Ya girka manhajar, ya buɗe fayil ɗin da ake kira torrc, ya sa wa tashar suna, ya zaɓi lambar ƙofar da za a riƙa shigo masa, galibi 9001 ko 443. Sai ya zauna yana kallon bayanan da manhajar ke rubutawa layi-layi, yana jiran layin da zai ce an gwada ƙofar daga waje kuma ta buɗu. Minti ashirin ya wuce, sai gargaɗi ya fito cewa ba a iya isa gare shi ba. Sau da yawa katangar tsaron kwamfutar ce ta toshe, ko kuma na'urar rarraba intanet ta gida ba a gaya mata ta miƙa baƙi ciki ba. Waɗannan ana gyara su. Wadda ba ta gyaruwa ita ce idan kamfanin sadarwa ya cusa ɗaruruwan kwastomomi a bayan adireshi guda, kamar yadda aka saba a layukan wayar hannu. A nan babu dabara, sai dai a yi hayar kwamfuta a cibiyar adana bayanai. Agogo ma yana kawo cikas: idan na kwamfutar ya kauce sosai, sai ta ɗauki takardar matsaya a matsayin wadda ta tsufa ko wadda lokacinta bai yi ba.

Bayan ƙofa ta buɗu sai jarrabawar haƙuri. A kwana ukun farko tashar kusan zaman banza take yi, domin ba a auna ƙarfinta ba tukuna. Daga nan masu awo su fara gwada ta, zirga-zirga ta soma hauhawa. Bayan kwana takwas, idan ta nuna ba ta yawan ɗaukewa kuma tana da sauri, ana iya ba ta matsayin mai gadi, kuma a daidai nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin zirga-zirgar sai ta faɗi warwas. Ba abin da ya lalace. Masu amfani sun rage bi ta kanta a matsayin ta tsakiya, su kuma ba sa sauya mai gadinsu sai bayan watanni, saboda yawan sauyawa yana ƙara yiwuwar faɗawa hannun mugu. Dingledine ya yi bayanin wannan tun 2013, ya nuna tasha kan ɗauki fiye da wata biyu kafin ta cika. Wanda ya ƙagu ya goge komai ya sake girkawa, mabuɗan shaidar tashar sun tafi, ya koma ranar farko.

Tashar fita ce mai ɗaukar zafi. Duk ƙorafin da ya taso, na satar fim ne ko na yunƙurin kutse, wurin mai ita yake zuwa, shi ya sa Tor Project ke gargaɗin kada a riƙe ta a gida. A 2015 ɗakin karatu na Kilton da ke garin Lebanon a jihar New Hampshire ya kunna tasha, hukumar tsaron cikin gida ta Amurka ta tuntuɓi 'yan sandan garin, aka kashe ta. Mutanen garin suka cika zauren taro, hukumar ɗakin karatun ta mayar da ita a watan Satumba. Sun iya tsayawa ne domin suna da suna da adireshi da jama'a a bayansu.

Ni a ganina, layi mafi muhimmanci a cikin torrc shi ne wanda mai tasha ke rubuta yadda za a same shi, sai kuma wanda yake bayyana dukkan tashoshin da ke hannunsa don kada saƙo ɗaya ya ratsa biyu daga cikinsu. Dalili a bayyane yake. A 2020 wani mai bincike da ake kira nusenu ya nuna cewa wani gungu ya taɓa riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin tashoshin fita, yana karkatar da kuɗin bitkoyin na masu wucewa. A 2021 kuma aka cire ɗaruruwan tashoshin wani gungun da aka laƙaba wa KAX17, waɗanda akasarinsu ba su rubuta hanyar tuntuɓa ba. Gaskiya ne miyagu suna amfani da Tor, amma haka ma 'yan jarida da masu fallasa almundahana da matan da ke gudun mai bibiyarsu, kuma kariyar waɗannan ta dogara ne ga masu tashoshin da suka yarda a san su.

Akwai wata matsala da ta shafe mu. Kaso mai yawa na tashoshin yana Jamus da Amurka da Holan, da yawa a hannun kamfanonin haya 'yan kaɗan kamar Hetzner da OVH, Afirka kuwa rabonta ƙanƙani ne. Tasha tana buƙatar aƙalla megabit 10 a daƙiƙa da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma wanda ke Kano ko Damagaram ya san tsadar waɗannan biyun. Amma buƙatar ta taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa: Najeriya ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, Chadi ta rufe shafukan sada zumunta sama da shekara guda daga 2018. Ga irin wannan toshewa akwai gadoji, wato tashoshin da ba a sa su cikin jerin fili, da kuma Snowflake, ƙaramar manhajar da ake ɗora wa Firefox ko Chrome, wadda mutanen Iran suka dogara da ita sosai a zanga-zangar 2022. Mai ita ba ya zama tashar fita, don haka ƙorafi ba ya zuwa masa, sai dai tana cin data. Idan kuwa layin aka datse gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, Tor ba ta da abin yi, domin a kan intanet ɗin take tafiya.

Jami'o'inmu da ke da layi mai ƙarfi da injin wuta su ne suka fi dacewa su fara, da tashar tsakiya ko gada, da sunan sashen da ke kula da ita a rubuce.