Gargaɗi ga masu ƙananan karnuka: kada a saki kare bayan tiyata don ya fara wasa

Jama'a, duk wanda aka yi wa ƙaramin karensa tiyata, ko fiɗiya ce, ko cire wa karya mahaifa, ko gyaran ƙoƙon gwiwa da ke yawan gocewa a irin su Lhasa da Pomeranian, ya saurara da kyau. Haɗarin ba ya ƙarewa a asibiti. A gida yake jiran kare, kuma ya fi tsanani tsakanin kwana na 3 da na 5, daidai lokacin da maganin ciwo ya kama jikinsa, ya fara kaɗa wutsiya yana neman hawa kujera. Maigida ya ga haka sai ya ce ai ya warware, ya buɗe masa ƙofa. Bai warware ba. A waɗannan kwanaki zaren likita ne kaɗai ke riƙe da naman, naman da kansa bai haɗe ba tukuna.

Ku sani ɗinkin da kuke gani a fata ba shi ne duka ba. Idan an buɗe cikin karya, akwai wani ɗinkin a ƙarƙashi wanda ke riƙe da bangon ciki. Tsalle ɗaya daga gado zuwa ƙasa na iya tsinka shi fatar tana nan lafiya, sai a ga kumburi ya taso a gefen cibiya, hanji ne ya turo. Ƙaramin kare kuwa ba ya sanin ƙanƙantarsa. Kujerar da ta ninka tsayinsa, dirowa yake yi daga kanta ba tunani.

Don haka a killace shi. Ɗinkin fata yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zare, aikin ƙashi da gwiwa kuwa sati 6 zuwa 8, wani lokaci fiye, gwargwadon abin da likitan dabbobi ya faɗa. A sa shi a keji mai faɗin da zai iya miƙewa, ya juya, ya kwanta. In babu keji, a tsare masa lungun ɗaki da babu kujera, babu matakala, a shimfiɗa tabarma don kada ya zame a kan tayal. Kada a ɗaure shi da sarƙa a gindin bishiya: zai yi ta fizga yana zagaye, ga ƙasa, ga ƙuda. Kuma don Allah kada a ajiye kejin a rana ko a ɗakin kwano mai zafi. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, zafin watan Afrilu na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Inuwa, iska, da ruwa a gabansa kullum.

Idan zai yi fitsari ko kashi, a fito da shi da gajeriyar igiya, minti 5 ya isa. Wajen ɗaukarsa, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙugu.

Akwai abin wuyan roba mai kama da mazurari da likita ke sa masa. Zai tsane shi, zai yi ta karo da bango, zai dube ku da idon tausayi. Kada ku cire, musamman da dare. Maganar da ake yi cewa yawun kare magani ne ba gaskiya ba ce. Bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma kafin ku idar da sallar isha zai iya tsinke zaren da haƙori.

Kuka zai yi, wannan tabbas ne, kuma nan ne yawancin mutane ke karaya. Ku matso da kejin kusa da inda kuke zama, domin kaɗaici ne ya fi tayar masa da hankali. Ku riƙa ba shi abincinsa kaɗan-kaɗan da hannu, ku rufe gefe ɗaya na kejin da zane mara kauri don kada ya riƙa ganin masu wucewa. Yara su yi haƙuri da wasa da shi, sauran karnuka su yi nesa. In duk ya ƙi natsuwa, ku koma wurin likita, akwai maganin kwantar da hankali da zai auna daidai da nauyinsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zuwa kemis a sayo masa maganin mutane. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda, kuma karen da bai wuce kilo 4 ba ƙwaya ɗaya ta mutum ta yi masa yawa. Kada a ba shi farasitamol ko maganin barci sai da izinin likita. Kada a zuba wa ciwon toka, baƙin mai ko kananzir. Kada a yi masa wanka sai an cire zare.

Ku duba ɗinkin safe da yamma. In kun ga ya buɗe, ko mugunya, ko wari, ko tsutsa, ko jini yana ɗiga, ko dasashinsa ya yi fari, ko amai a kai a kai, ko ya yini ya kwana bai ci komai ba, ku kai shi asibitin dabbobi a ranar, kada ku jira gari ya waye. In hanji ya fito, kada ku mayar da shi ciki. Ku rufe da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwa mai tsabta, ku naɗe cikin a hankali, ku hana shi lasa, ku kira likita kuna kan hanya.