Taya Ta Sace? A Fara Neman Inda Iska Ke Bi

'Yan'uwa manoma, a Zawaciki ta Ƙaramar Hukumar Kumbotso keke shi ne jakin talaka. Da shi ake kai buhun taki gona, da shi leburori ke sammakon zuwa masana'antun Challawa da Sharada, da shi mai bishara ke zaga ƙauyuka. Ran da taya ta sace da asuba, ladan yini ya tafi.

Yanzu akwai kekuna masu taya marar tif, irin da kamfanin Mavic na Faransa ya fito da ita a 1999. Bakin tayar ne ke manne wa rim, a ciki kuma akwai ruwan gam mai toshe hudar ƙaya. Ragin iska kaɗan bayan 'yan kwanaki ba laifi ba ne. Amma in ta sace cikin dare ɗaya, kada a yi gaggawar sayen sabuwa.

A buga iska, a kaɗa sabulu cikin ruwa, a shafe wilin duka. Inda kumfa ya taso, nan ɓarawon yake.

In a bawul ne, a ɗaure ɗan notinsa da hannu, ban da filaya. In a gindin wayoyin wili ne, tef ɗin da ke rufe ramukan rim ya yage, sai a sake shi. In a bakin taya ne, a duba ko rim ya lanƙwashe ko yashi ya shiga. In kuwa a bayan taya ne, ƙaya ce, galibi tsidau, kuma ruwan gam ya bushe. Can a Turai yakan yi watanni, amma zafin bazara da iskar hunturu namu na busar da shi da wuri. A girgiza wili kusa da kunne. In ba a ji motsin ruwa ba, a ƙara.

In abin ya faskara a hanya, a cire bawul, a lalube ƙayoyin ciki, a sa tif.

Shawararmu ga kowace ƙungiya: ku haɗa kuɗi ku sayi famfo ɗaya mai kyau, da ruwan gam, da tif biyu, ku ajiye wurin ma'aji. Abin da Ubangiji ya damƙa mana, mu kula da shi.