Tatsuniya, Dukiyar Baka

Idan an gama girbi, an ci tuwon dare, farin wata ya fito, yara sukan taru a tsakar gida wurin wata tsohuwa. Haka ake yi a Gwarzo da Getso da Kutama, haka kuma a Kabo da Garo. Tsohuwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Daga nan sai kowa ya yi tsit.

Kun san mutanen cikin tatsuniya. Ga Gizo mai wayo da tsamin baki, da matarsa Ƙoƙi. Ga Kura mai kwaɗayi, da Dila malamin daji, da Dodo. Ga kuma 'yar bora da 'yar mowa. Kowannensu da aikinsa. Kura tana nuna wa yaro ƙarshen kwaɗayi. 'Yar bora tana nuna masa amfanin ladabi da haƙuri. Ta haka yaro yakan koyi hali da iya magana tun bai san ana koya masa ba. Iyaye sukan hana yin tatsuniya da rana, gama rana ta aiki ce.

Amma tatsuniya a baki take zaune. Ran da tsohuwa ta rasu, in ba wanda ya riƙe, sai abin da ta sani ya bi ta.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A ƙasashen Turai akwai wasu mutane da ake kira Romani. Kakanninsu sun fito daga arewacin Indiya, yau kimanin shekara 1,000 ke nan. Da can yawancinsu matafiya ne, kamar yadda Fulanin ruga ke bin kiwo. Suna ƙira, da cinikin dawaki, da kiɗa. Da dare sukan kewaye wuta, dattawa su yi ta ba da tatsuniyoyi da harshensu. Sun daɗe ba su rubuta harshen nan ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, gwamnatin Hitila ta Jamus da masu goya mata baya suka kashe dubban ɗaruruwansu. Tatsuniyoyi masu yawa suka tafi tare da masu su. Yau Romani da yawa suna zaune a garuruwa, waɗansunsu kuwa suna rubuta abin da ya rage.

Mu ma rubutu ya cece mana waɗansu. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, daga ƙasar Damagaram, ya bi matafiyin nan Barth zuwa Ingila a 1855. Can ya ba wani malami mai suna Schön labarai da tatsuniyoyi, aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. Bayan haka wani Bature, Frank Edgar, ya tara waɗanda malamai suka rubuta da ajami, ya mai da su boko, aka buga littafi 3 tsakanin 1911 da 1913. A shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta.

Duk da haka ba a kwashe duka ba. Kowane ƙauye da irin tasa, kowace tsohuwa da yadda take faɗa. Ga shi kuma yanzu rediyo da talabijin da waya sun cinye hirar dare a gidaje da yawa.

To, jama'a, ga ranar karatunku. Ku da kuka iya rubutu, ku nemi tsohuwar gidanku ko ta maƙwabta. Ku roƙe ta ta faɗa a hankali. Ku rubuta yadda ta faɗa, kada ku gyara mata magana. In akwai waƙa a ciki, ku rubuta ta ita ma. A ƙasa ku sa sunanta, da sunan gari, da shekara. Sa'an nan ku kawo aji, a karanta wa kowa, da dare kuma ku faɗa wa 'ya'yanku da baki.

Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyi
1. Me Kura take koya wa yaro?
2. Daga ina kakannin Romani suka fito?
3. Wace tatsuniya za ku fara rubutawa?