Sauyin Salon Kula da Dabbobi Masu Jan Ciki a Tsare: Dalilai da Sakamako

Tun daga shekarun 1990 aka fara samun sauyi a yadda gidajen namun daji na Turai da Amurka suke kula da macizai da kadoji da kunkuraye da dangin ƙadangare. A da, akwatin gilashi da kwanon ruwa da fitila ɗaya ne iyakar gatan irin waɗannan dabbobi, kuma idan za a duba lafiyarsu sai ƙarti su taru su danne su. Yanzu ana maganar wadata muhalli, wato tanadar wa dabba wurin hawa da na haƙa da na ɓuya da sababbin ƙamshi domin ta yi abin da take yi a dawa, ana kuma horar da ita ta hanyar lada domin ta ba da haɗin kai ba tare da firgici ba.

Babban dalilin sauyin shi ne rushewar tsohuwar fahimtar da ta ɗauki waɗannan halittu a matsayin dolaye. Kasancewar zafin jikinsu daga muhalli yake zuwa, gwaje-gwajen farko da aka yi musu a ɗakunan bincike masu sanyi, da ladan abinci irin wanda ya dace da ɓera mai ci kullum, sun zalunce su, domin macijin da kan yi mako biyu bai ci ba ba shi da dalilin yin gaggawa a kan loma. A 1996 Gordon Burghardt na Jami'ar Tenesi da abokan aikinsa suka wallafa bayani a kan wata kififiyar kogin Nilu da ke gidan namun daji na Washinton, wadda ta riƙa cizo da yagar jikinta har sai da aka sa mata ƙwallaye da sanduna da tiyo a ruwa, ta shagala da su, raunata kanta ya ragu ƙwarai. A 2010 Anna Wilkinson da tawagarta suka nuna cewa kunkuru mai jan ƙafa na Kudancin Amurka yana koyon zagaye shinge ya kai ga abinci ta hanyar kallon ɗan'uwansa, alhali waɗanda ba su kalla ba sun kasa. Wani bincike na 2019 a kan manyan kunkuraye a Biyena da Zurik ya gano cewa wasu daga cikin waɗanda aka koya wa cizon ƙwallo a kan sanda sun tuna aikin bayan shekara 9.

Dalili na biyu na aiki ne tsantsa. Kama babban kada haɗari ne ga ma'aikata, haɗari ne kuma ga kadan, domin doguwar kokawa takan tara wani sinadari mai tsami a jininsa wanda kan iya halaka shi, maganin sa barci kuma yakan daɗe bai sake shi ba. Saboda haka aka aro dabarar da aka saba amfani da ita ga giwaye, inda ake koya wa dabba taɓa kan wata sanda da hanci ta sami lada, daga nan a riƙa jan ta da sandar zuwa kan sikeli ko cikin akwatin ɗauka. A nan ne ribar ta fi fitowa fili, domin a wurare da dama ana awon manyan kadoji da babban guza na tsibirin Komodo, har a ɗebi jini daga wutsiya, ba tare da igiya ba.

Sai dai waɗannan dabbobi kaɗan ne idan aka kwatanta da ɗimbin waɗanda ke hannun masu kiwo a gida, kuma a can ne gardama ta fi zafi. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta tsorata, wadda aka daɗe ana fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa kasuwannin Amurka da Turai, galibi masu hayayyafar ta suna ajiye ta ne a cikin kwantenonin roba marasa tsayi da aka jera kamar durowa. Hujjarsu ita ce a dawa ma cikin ramin ɓera da shuri take wuni, kuma a kwantenar tana ci tana ƙwai. Wani nazari da aka yi a Jamus a 2021 ya raunana wannan hujja, domin mesar da aka mayar keji mai faɗi ta hau reshe, ta yi haƙa, ta shiga ruwa, ta sha ɗumin fitila, yayin da a kwantena ta fi yawan dungurar bango da baki. Ci da haihuwa shaida ne cewa dabba tana raye, amma ba su isa shaidar walwala ba.

Duk da haka, hujjojin masu neman sauyin ba su kammala ba. A 2011 wani gwaji a kan ƙadangaren shinge na Amurka ya nuna cewa tanadin wurin hawa bai sauya girmansa ko ɗabi'arsa ko yawan kotikosteron ba, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin matsi. Maciji ba ya kuka, fuskarsa ba ta nuna komai, kuma kwanciyar da mai shi yake ɗauka sabo ne tana iya zama sandarewar tsoro, shi ya sa yawan ɗauka da shafa, wanda ke faranta wa kare, kan zama azaba a gare shi. Akwai kuma masu sayen kayan ado na keji alhali ba su daidaita zafi ba, ba su kuma tanadi fitilar da ke maye gurbin hasken rana ba, wadda rashinta ke hana ƙadangare sarrafa sinadarin kalsiyam har ƙasusuwansa su yi laushi su lanƙwashe.

Wahalar auna walwalar waɗannan dabbobi ce ta sa masu bincike suka karkata ga gwajin zaɓi, inda ake haɗa keji biyu a bar dabbar ta nuna inda take so. A Jami'ar Linkon da ke Ingila an yi wa wani nau'in macijin Amurka irin wannan gwaji a 2021, kuma ya fifita kejin da zai iya miƙewa sosai a ciki a lokutan da yake zirga-zirga. Nau'o'in masu jan ciki sun haura 11,000, waɗanda aka yi wa irin wannan tambaya kuwa tsiraru ne, mafi yawansu kuma waɗanda kasuwa ta fi nema ne.