Yuraniyom ɗin da ya bi ta Tawa: yaushe zai mutu?

Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta sauko da yuraniyom a cikin ganguna daga Arlit, su ratsa Agadas da Abalak, su bi ta Tawa. Kayan da ke cikin gangunan nan ruɓewa yake yi a hankali, yana fitar da tururin da ido ba ya gani. Ga kaɗan daga al'ajabinsa.

Babu masanin da zai nuna ƙwayar zarra guda ya ce ga ranar da za ta fashe. Kamar gugguru ne a kasko, ba ka san wanda zai fara tashi ba. Amma in suka taru da yawa, lissafi ba ya kuskure lokacin da rabinsu zai ƙare.

Yuraniyom-238 sai ya shekara kusan biliyan 4.5 kafin rabinsa ya tafi, wato kusan shekarun duniyar nan. Yuraniyom-235 kuwa miliyan 704.

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne poloniyom-212. Ɓarɓashin da yake harbawa ninki biyu kawai ya yi wa na yuraniyom-238 a ƙarfi, amma rabinsa na ƙarewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa! Masana Geiger da Nuttall suka lura da wannan alaƙa ta ƙarfin ɓarɓashi da saurin ruɓewa a 1911. A 1928 George Gamow ya bayyana dalili: ɓarɓashin ba tsallake katangar cibiyar zarra yake yi ba, ratsa ta yake yi, kuma ɗan ƙarin ƙarfi kan sauƙaƙa ratsawar ninkin ba ninki. Shi ya sa kuskure kaɗan a lissafi kan jefa hasashe nesa ƙwarai.

An daɗe ana ɗaukar bismut-209 ba ya ruɓewa, sai a 2003 masana a Faransa suka kama shi yana yi. Wa'adinsa ya ninka shekarun sararin samaniya fiye da sau biliyan.

Shi kuwa oganeson, sinadari mai lamba 118, da aka ƙera a Dubna ta Rasha, ba ya kai ƙiftawar ido.

Abin da ya shafe mu kai tsaye: an rufe mahaƙar yuraniyom ta Akuta a 2021, amma tulin sharar na nan. Radiyom-226 da ke ciki sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ragu, yana ta haifar da iskar radon. A binne sharar da kyau, a riƙa auna ruwan sha, a kuma gaya wa jama'a sakamakon.