3.4 Hanyar Gane ko Manhajar Gudanarwa Tana Aiki a Kwamfutar Rumbu ta Nesa

Kamar yadda bayani ya gabata, kwamfutar rumbu ita ce wadda ake tara fayiloli a cikinta, sauran kwamfutoci su riƙa ɗiba ta hanyar layin sadarwa. A wannan sashe za a duba yadda mai kula da irin wannan na'ura zai tabbatar da cewa manhajar da ke gudanar da ita tana aiki, alhali shi yana wani gari, ita kuma tana wani. Za a ɗauki tsarin AFS a matsayin misali, saboda a cikinsa an raba aikin gudanarwa da aikin miƙa fayil ƙarara.

An ƙirƙiro AFS ne a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka cikin shekarun 1980. A 1989 aka kafa kamfanin Transarc domin kasuwancinsa, daga baya ya koma hannun IBM, wanda ya sake shi ga jama'a a shekarar 2000 da sunan OpenAFS. A cikin kowace kwamfutar rumbu ta wannan tsari akwai manhajoji da dama, kowace da lambar ƙofar da take sauraren saƙo ta cikinta. Wadda ake kira fileserver, mai miƙa fayiloli, tana ƙofa ta 7000. Ita kuwa bosserver, wadda ita ce manhajar gudanarwa, tana ƙofa ta 7007. Matsayinta kamar na sarkin gida ne: ita ke tayar da sauran manhajojin bisa jerin da ke cikin fayil ɗin BosConfig, in wata ta faɗi ta sake tayar da ita, kuma ta hannunta umarnin mai kula yake isa ga na'urar.

Abin lura a nan shi ne, mutuwar bosserver ba ta cika bayyana nan take ba. Mai yiwuwa ne ta tsaya, amma fileserver ta ci gaba da aikinta, jama'a na buɗe fayilolinsu lafiya lau. Bugu da ƙari, kwamfutocin masu amfani suna riƙe da kwafin fayilolin da suka ɗauko, wanda hakan ke ƙara lulluɓe matsalar. Sai ranar da fileserver ta faɗi, a rasa mai tayar da ita, aikin ma'aikata ko na ɗalibai ya tsaya cik. Wato ke nan, buɗewar fayil ba hujja ba ce.

Haka kuma umarnin ping, wanda mutane da yawa ke fara garzayawa gare shi, bai wadatar ba. Ainihin tsarin kwamfutar ne ke amsa shi, ba wata manhaja ta AFS ba. Ya yi daidai da mutumin da ya yi sallama a zaure yaro ya amsa masa. Ya dai san gidan da mutane, amma bai san ko mai gidan yana nan ba. Shirun ping ma ba shaidar mutuwa ba ce, tun da wasu ma'aikatu suna toshe shi da gangan. Umarnin telnet shi ma ba ya amfani a nan, domin yana bin hanyar TCP ne, manhajojin AFS kuwa suna magana da yarjejeniyar Rx wadda ke kan UDP.

Hanyar da ta dace ita ce a tambayi bosserver ita kanta. Ana rubuta bos status, a bi shi da sunan kwamfutar. Idan tana raye za ta jero manhajojin da ke ƙarƙashinta da halin da kowace take ciki: wadda ke aiki daidai, wadda aka tsayar da gangan, da wadda ita bosserver ta daina tayarwa saboda yawan faɗuwa. Zuwan amsar kawai, ko da labarin cikinta mara daɗi ne, ya isa hujja.

Wahalar tana wajen shiru. Idan umarnin ya jira na ɗan lokaci sannan ya ba da saƙon gazawar sadarwa, to abu uku ne ke iya jawo haka: ko na'urar a kashe take, ko katangar tsaro ta tare saƙon a hanya, ko kuma bosserver ce ta tsaya. Don a rarrabe su ana amfani da umarnin rxdebug, wanda ake ba shi sunan kwamfuta da lambar ƙofa. Sai a gwada 7000, a kuma gwada 7007. In duka biyun sun yi shiru, zargi ya fi karkata ga layi ko ga na'urar baki ɗaya. In 7000 ta amsa, 7007 ta ƙi, to an kusa gano bakin zaren, sai dai har yanzu da sauran shakka, domin ana iya toshe ƙofa ta 7007 kaɗai ga mutanen waje. Gwaji daga wata kwamfutar da ke cikin ma'aikatar ne zai warware wannan. Daga nan sai a shiga na'urar da ssh, a duba jerin manhajojin da ke gudana, a karanta fayil ɗin BosLog.

Bai kamata a yi gaggawar kashe na'urar a kunna ba. Idan fileserver ta tsaya ba bisa ƙa'ida ba, sai an bi ma'ajiyar fayilolin an gyara, wanda a babban rumbu yakan ci lokaci mai tsawo. Sannan bos status ba ya neman wani izini na musamman, saboda haka samun amsarsa ba ya nufin mutum zai iya ba da umarnin tsayarwa ko tayarwa. Wannan sai wanda sunansa ke cikin fayil ɗin UserList na wannan kwamfutar.