Allurar Ruwan Jini ta PRP: Yadda Take Aiki da Abin da Bincike Ya Tabbatar, Tare da Waiwayen Birnin Jidda

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyar magani da ake kira PRP, wato ɗibar jinin mutum a tace shi a mayar masa da wani sashe nasa ta allura. Ta bibiyi asalin hanyar da sakamakon manyan gwaje-gwaje a kanta, ta kuma nuna cewa kasancewar jinin na mai shi ne bai wadatar a matsayin hujjar waraka ko ta aminci ba.

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin magani ta hanyar jini. Wanzami kan tsaga fata ya kafa ƙaho don fitar da abin da ake kira mataccen jini, kuma Hausawan da suka yi zama a tsofaffin unguwannin kudancin Jidda, irin su Sa'alaba da Karantina, sun tarar da wannan al'ada a ƙasar Saudiyya da sunan hijama. A yau asibitocin fata da na ƙashi a birnin suna tallata wata hanya da Larabci ke kira huƙan al-balazma. Ita ba zubar da jinin ake yi ba, komar da shi jiki ake yi. Wannan kusanci da abin da aka saba ya sa mutane kan karɓe ta ba tare da yawan tambaya ba.

Ma'ana da Yadda Ake Haɗawa

Jini ya ƙunshi ruwa mai launin rawaya, da jajayen ƙwayoyi, da farare, da wasu ƙananan ƙwayoyi masu daskarar da jini da ake kira filatilet. Ɓargo ne ke samar da su, suna rayuwa kwana 7 zuwa 10, kuma lafiyayyen mutum yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini. Idan aka ji rauni, su ne ke fara taruwa su toshe kafar, sannan su saki sinadaran da ke kiran sababbin ƙwayoyin halitta da jijiyoyin jini domin gyaran wurin.

A kan ɗebi jini kimanin mililita 10 zuwa 60, a zuba a kwalba mai sinadarin hana gudajewa, a saka a na'urar da ke wulwula ta da matuƙar sauri. Jajayen ƙwayoyi sukan kwanta a ƙasa saboda nauyinsu, ruwan ya taso sama, sai a zuƙe sashen da filatilet suka fi yawa a yi allurarsa a gwiwa ko fatar kai ko fuska. Likitan da ya fito da hanyar fili shi ne Robert Marx na Jami'ar Miami a Amurka, wanda a 1998 ya yi amfani da ita wajen dashen ƙashin muƙamuƙi. Daga nan ta shiga fagen wasanni, har hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta hana allurarta a tsoka a 2010, ta kuma janye hanin a 2011.

Abin da Gwaji Ya Nuna

Hikimar hanyar tana da ma'ana a tunani, sai dai gwaji ne ke raba gardama. A 2021 mujallar JAMA ta buga wani nazari daga Ostireliya a kan mutum 288 masu amosanin gwiwa: an yi wa wasu allurar PRP sau uku, wasu kuma ruwan gishiri. Bayan wata 12 ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen raɗaɗi ko kaurin guringuntsi. A shekarar dai, wani nazari a Birtaniya a kan mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon agara ya ƙare da irin wannan sakamako bayan wata shida.

A ɓangaren sanƙo, ƙananan gwaje-gwaje da dama sun nuna ƙaruwar yawan gashi, amma akan buƙaci maimaita allurar. Hujjar da ake da ita kan gyaran yamushewar fuska ta fi wannan rauni. Babbar matsalar ita ce rashin ma'auni guda: saurin na'ura da yawan filatilet da adadin fararen ƙwayoyi sun bambanta daga asibiti zuwa asibiti, don haka abin da aka yi wa mutum biyu da suna ɗaya yana iya zama abu biyu daban.

Haɗari da Sa Ido

Tun da jinin na mai shi ne, da wuya jiki ya ƙi shi. Abin da aka fi gani shi ne zafi da kumburi na 'yan kwanaki. Haɗarin yana ga hannun da ya sarrafa shi. A Afrilun 2024 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa mata uku sun kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau bayan an yi musu wannan kwalliya a wani shago marar lasisi a jihar New Mexico, wanda aka rufe a 2018 bayan an tarar da kwalaben jini marasa suna a cikinsa.

A Saudiyya, Ma'aikatar Lafiya ce ke ba asibitoci lasisi, Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta ƙasar ke rajistar ma'aikata, Hukumar Abinci da Magunguna kuma ke lura da na'urori. Mazaunin Jidda ko baƙon da ya zo Umara yana da damar neman ganin wannan shaida kafin ya miƙa hannu.

Kammalawa

PRP hanya ce mai tushe a ilimin halittar jini, amma amfaninta ya danganta da cutar da ake son magancewa, kuma a manyan gwaje-gwajen gwiwa da agara ba ta fi allurar bogi ba. Ya kamata mai nema ya tambayi abu uku: wace hujja ake da ita a kan irin larurarsa, wane ne zai yi allurar kuma da wane lasisi, sannan ko za a buɗe sabuwar allura da sabuwar kwalba a gabansa.